Ɗan Lallashi Ya Rasu, Waƙoƙin Kanari Ba Su Kammala Ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta rasa inda za ta sa kanta, Maikunne, mai ɗakin ɗaukar waƙa da ke bayan shagon tela, yana sanar da 'yan'uwa, mawaƙa, makaɗa da duk wanda ya taɓa tsayawa gaban makirufonsa, rasuwar abokin aikinsa kuma rufin asirinsa, Ɗan Lallashi, wanda ya cika a cikin kwamfuta da rana tsaka, babu kowa a kansa.

Ga wanda bai san marigayin ba, Ɗan Lallashi filogin ne, wato 'yar ƙaramar manhajar da ake liƙa wa murya lokacin haɗa waƙa. Masu sana'ar suna kiran irinsa kwamfiresa, wasu su ce limita, shi kuwa duka biyun yake yi. In mawaƙi ya ɗaga murya har za ta fasa sifika, sai ya dafa ta ta sauko. In ta yi ƙasa har kiɗa zai haɗiye ta, sai ya tallabo ta. Iyakar aikinsa ke nan a duniya, kuma bai taɓa raina shi ba.

Marigayin bai fito daga babban gida ba. Wani bawan Allah ne shi kaɗai ya ƙera shi a wata ƙasa mai nisa, ya ajiye a shafinsa na intanet da arahar da ko mai fara sana'a ba sai ya yi shawara da kowa ba. Maikunne ya ɗauko shi tun lokacin da situdiyon bai wuce tsohuwar katifa da aka kafe a bango da makirufon aro ba. Ba shi da kyan fuska. Akwati ne launin toka, da maɓallai uku, da wata allura mai rawa. Amma bai taɓa sa kwamfuta ta sandare ba, bai taɓa neman a sake saye ba, kuma ya yi wa mai muryar zuma da mai muryar tsohuwar ƙofa hidima iri ɗaya.

Ba za a ɓoye aibinsa ba. In aka matsa masa da yawa yakan yi numfashi a cikin waƙa, fuu-haa, fuu-haa, kamar tsoho a kan matakala. Kuma da ya ji shiru sai ya jawo duk abin da ke kusa, har da keken ɗinkin maƙwabci. Dalilin da ya sa ke nan aka ja waya aka sa jan ƙwan lantarki a shagon tela, da ya kama sai tela ya ɗaga ƙafa daga keken.

Babban aikin da za a riƙa tunawa da shi a kansa shi ne muryar Kanari, wadda a yau ita ce maiɗakin Maikunne. Ta zo wurinsa ne bayan situdiyo da yawa sun sallame ta. Laifinta ɗaya: tana fara waƙa kamar mai raɗa wa jariri, sai kawai ta buɗe maƙogwaro ta tashi sama ba sanarwa. Masu ɗauka suka ce ta koyi daidaita murya, ita kuwa in ta daidaita sai waƙar ta mutu. Ranar da Maikunne ya liƙa mata Ɗan Lallashi, allurar ta sunkuya, ta miƙe, ta sake sunkuyawa, muryar ta fito da raɗarta da tsawarta, babu wadda ta taka wata. Kanari ta cire abin sauraro daga kunne ta zauna a ƙasa. Danginta har yau suna tsokanar cewa kunnen Maikunne ta aura. Shi dai ya san wanda ya yi masa dalili.

A bara likita ya ga ƙari a maƙogwaronta, ya ce dole a cire. Ya gaya musu gaskiya: magana za ta iya dawowa, waƙa kuwa kada su sa rai. Kanari ta roƙi a ɗan jinkirta aikin, ta shiga situdiyo ta rera duk waƙoƙin da take ta ajiya tun tana budurwa. Kullum muryar tana raguwa. Akwai waɗanda sau ɗaya tak ta iya rerawa, ta fito tana riƙe da wuya. An yi aikin, Allah ya tashi kafaɗunta, amma yanzu in tana magana sai an kashe fanka. Tana gadon asibiti Maikunne ya yi mata alkawarin za ta ji waƙoƙin nan a gyare, kamar yadda take jin kanta a da.

Ya kusa cika alkawarin. Baiti bayan baiti ya zauna da marigayin suna lallaɓa muryar, kowace waƙa da nata saitin, saura kawai a fitar da su. Ranar da abin ya faru, ya kai Kanari a duba mata ɗinki, ya bar kwamfutar a kunne. Kafin su dawo kwamfutar ta sabunta kanta ba tare da ta tambayi kowa ba. Da ya buɗe waƙar farko, sifika ta yi ƙirrr, ta yi tik, shi ke nan. A duk inda Ɗan Lallashi yake zaune sai farin akwati da rubutu cewa a tabbatar da lasisi daga shafin maƙerinsa. Shafin kuwa babu shi. An rufe, ba a san tun yaushe ba.

An yi jinya iyakar ƙarfi. Mai gyaran kwamfuta ya mayar da ita kan tsohon tsarinta, marigayin ya ɗan buɗe ido, ya sake neman lasisi, ya rufe. Maikunne ya aika wa maƙerin saƙo, saƙon ya dawo masa. Ya shiga zaurukan masu haɗa sauti na intanet yana tambaya da ɗan turancin da yake da shi, wani ya ce mutumin ya daina sana'ar tuntuni, wani ya ce ya ji ya mutu, wani ya turo masa hoton dariya. Ya gwada wasu filogin na kyauta, ya gwada masu araha, ya gwada na gwaji daga manyan gidajen da ba ya ko kallon farashinsu. Ba za a ci zarafinsu ba, kowanne gwani ne a kan wata muryar. A kan ta Kanari, wani ya goge ta ta zama shafal kamar rigar da ta sha guga, wani ya bar ta ta tsage a daidai inda ta fi kyau. Maikunne, wanda bai saba roƙo ba, ya bi situdiyon abokan hamayyarsa ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko akwai mai tsohuwar kwamfutar da marigayin ke raye a cikinta. Sun ba shi kujera, sun ba shi ruwa, babu wanda ya taɓa jin sunan.

Ya ɓoye wa Kanari. Amma macen da aka saba kira ta zo ta ji, in aka daina kiranta, ba sai an gaya mata ba. Wata safiya ta shigo da gyale a wuya, ta nuna masa kwamfuta da haɓa. Ya sa mata muryar tsurarta, babu gyara. Da aka zo wurin tashin, sifika ta tsage, ya kai hannu zai kashe, ta riƙe masa wuyan hannu. Ya matso da kunnensa.

"Mayar da shi baya," ta ce. "Ni na rera, na san inda zan ɗaga. In na danna kafaɗarka, ka sauke."

Haka suke yi yanzu. Tana tsaye a bayansa, hannunta a kafaɗarsa, shi kuma yatsansa a kan madannin ƙara, yana ja yana turawa kalma bayan kalma. Hannun mutum ba ya saurin allura. Wani lokacin ta danna ya makara, wani lokacin ya firgita ya sauke da wuri, muryar ta nutse. Ba ta iya daɗewa a tsaye. Duk wahalar nan baiti ɗaya suka samu wanda ta ji ta gyaɗa kai, ga sauran waƙoƙin nan jibge suna jira. Maikunne bai san ko zai iya ba, kuma ba ya so ta sani.

Marigayin ya rasu ya bar ƙaninsa filogin mai tace sauti, wanda bai san abin da zai tace ba yanzu, da ƙanwarsa mai amsa-kuwwa, wadda ke ta maimaita tsagewar nan ba da son ranta ba. Ya bar makirufo da sifika biyu, ɗaya tana jinya. Ya bar tela, wanda har yanzu yakan ɗaga ƙafa ko ƙwan bai kama ba. Ya bar Maikunne da alkawari a wuya, da waƙoƙin da ba za a taɓa sake rerawa ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a situdiyon, inda za a ja marigayin da linzamin kwamfuta zuwa kwandon shara. Tela ya yi alkawarin rufe shago. Bayan haka za a sa baitin nan ɗaya da aka yi da hannu, kuma ana roƙon kada a tafa. Ba a buƙatar kowa ya kawo komai, sai fa wanda yake da tsohuwar kwamfutar situdiyo a ƙarƙashin gado ko a ɗakin ajiya, ko ta gado ce, ko ba ta kamawa, don Allah ya ɗauko ta yadda take, kada ya haɗa ta da intanet. Ba za a zubar da kwandon ba sai mutum na ƙarshe ya fita.

Kanari za ta karɓi gaisuwa a kujerar da ke gefen tebur. Ana roƙon masu ta'aziyya su kashe wayoyinsu, su shigo ɗaya-ɗaya, su matso kusa sosai, don in ta amsa su ji.