Rasuwar 'Yar Sama, Injin Iskar Mai Walda

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, amma kai a ɗage, mai walda na ƙarshen layi yana sanar da 'yan'uwa, abokan arziki, har da maƙwabtan da suka daɗe suna ɗokin wannan rana, rasuwar 'Yar Sama, injin iskar da ke ba gidansa wutar lantarki. Ta cika jiya da la'asar a saman rufin kwano, tana bakin aiki.

An haifi marigayiyar a shagonsa. Da tsohuwar altanetar mota, wato na'urar da ke cajin batir, ya haɗa ta, ya yanka bututun roba ya yi mata fukafukai uku, ya ƙera mata wutsiya da birki. Ta yi ƙuruciyarta a tsohon gidansu na kan tudu, inda iska ba ta san hutu ba. Can kam ta ci zamaninta. Fir-fir-fir tun hantsi har dare, batura a cike, firijin uwargida yana daskarar da ƙanƙarar sayarwa har sai an sa guduma. Ba ta taɓa neman ɗigon fetur ba, ba ta taɓa yi wa kowa hayaƙi a hanci ba.

Jarabawarta ta fara ne da iyalin suka sauko cikin gari, gidan haya a kwari, benaye sun yi masa zobe. Iskar da ke kan tudu ba ita ce a nan ba. Da safe tsit, ko ganye ba ya motsi. Da yamma 'yar iska ta ɓullo ta tsakanin gine-gine, marigayiyar ta yi ƙiii, ta juya sau biyu, ta tsaya. Lokacin zafi kuwa, daidai sa'ad da ake neman ƙanƙara ido rufe, sai ta yi makonni tana kallon sama. Nan aka sa mata suna malalaciya. Mai walda yana so duniya ta shaida: ƙarya ake mata. Wanda ba a ba shi abinci ba, ba a ce masa rago. Ku da kuke zaginta, wa ya taɓa hawa rufin ya ji ko akwai abin da ke kaɗawa?

Babban mai zagin shi ne yayan uwargida, mai shagon janareta. Duk zuwan da zai yi sai ya ɗaga kai ya tambaya ko fankar ado tana lafiya. Uwargida ma, da ƙanƙararta ta koma ruwa masu saye suka watse, ta yanke hukunci: ranar da abin nan ya mutu, a sare ƙarfen da ke ɗauke da shi, janaretan yayanta ya shigo. Wannan magana ta tsaya wa mai walda a maƙoshi. Don ya sauƙaƙa wa marigayiyar juyi, sai ya kwance mata birki, tunda a wannan kwari babu iskar da za a yi wa birki. Har yanzu yana nan a kan bakansa cewa dabara ce mai kyau.

Sai ga makon nan. Iska ta taso daga gabas, ta kwana, ta wuni, ta ƙi tafiya. Wayoyin lantarkin gari suka zube, unguwa ta yi ɗif. Gida ɗaya ne ke da haske. 'Yar Sama ta tuna ƙuruciya, fir-fir-fir, batura suka cika har wuya, firiji ya daskare. Masu ce mata malalaciya suka yi layi a zaure da wayoyinsu suna neman caji, ba ko kunya. Jiya da la'asar guguwar ta ƙara ƙarfi, babu birkin da zai tare ta. Aka ji wuuuu, aka ji ƙas, fiffike ɗaya ya tashi, ƙaurin waya ya cika gida. Ba ta yi jinya ba. Ƙoshi ne ya kashe ta bayan shekarun yunwa.

Ta rasu ta bar batura huɗu, firiji, ƙwan fitila na tsakar gida, da wayoyin unguwa guda, marayun da ba su ma ce an gode ba. Ta bar mai walda, wanda ya yi kuka a kan tsani kuma bai ɓoye ba.

Tun kafin gawar ta huce, yayan uwargida ya aiko da janareta a kwali, wai gaisuwar ta'aziyya. Mai walda ya kwana yana jiran a ce ya ɗauko zarto. Da safe uwargida ta kawo masa shayi, ta ajiye wani abu nannaɗe a tsumma kusa da kofin. Birkin ne. Ashe tun ranar da ya jefar da shi ta tsince shi ta adana a kicin. Abin da ta ce kawai, wadda zai ƙera nan gaba a ƙara mata tsawo ta wuce benayen nan, kuma kada ya kuskura ya sake taɓa mata birki.

Za a sauko da gawar yau bayan azahar. Masu sayen tsohon ƙarfe su huta, ko ƙusa ba za a sayar ba. Ƙarfen rufi yana nan daram, ba mai sare shi. Duk wanda ya san zai zo ne ya ce ai dama ya faɗa, ya yi zamansa a gida. Kujeru sun yi kaɗan, don haka ana iya zama a kan kwalin janareta, yana zaure ba a buɗe ba.

Za a raba wa masu ta'aziyya ruwan sanyi da ƙanƙarar ƙarshe da marigayiyar ta daskarar. A daure a zo da wuri, ta fara narkewa.