Gaisuwar da Ta Hana Mu Zuwa Sakkwato

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ba zan taɓa mantawa da yammacin da na durƙusa a tsakanin sanduna biyu ba, mutanen Illela duka suna kallona.

Zamanin Turawa ne, ƙwallo bai daɗe da zuwa ƙasarmu ba, tamaula ma muke ce masa. Yayana Sahabi ne ya kawo shi garinmu. Ya yi makaranta a Sakkwato, ya dawo ya kama aikin malanta a bakin iyaka. Shi ya tara mu, shi ya share fili a gefen hanyar Ƙonni, ya kafa sanduna ya ɗaura igiya a sama. Ni ya sa ni tsaron gida, ba don na iya ba, sai don na fi kowa tsawon hannu (gudu kuwa Allah bai ba ni ba).

A ranin wata shekara aka ce garuruwan yankinmu su kara da juna, wanda ya zo na ɗaya ya tafi Sakkwato neman kofi. Mun ci Tozai. Mun ci Kalmalo, ko da yake rabinsu daga kamun kifi suka zo fili. Saura Gwadabawa, kuma ko kunnen doki muka yi, mu ne masu tafiya.

Sahabi ba ya da magana sai ta Sakkwato. Shekara huɗu ya yi a makaranta ba a taɓa sa shi wasa a babban fili ba, ruwa kawai yake ɗaukar wa manya. A lokacin wasannin nan kuma tari ya riga ya kama shi. Yakan juya baya ya tofa, ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe. Duk mun gani.

Ranar wasa Gwadabawa suka fara ci. Bayan hutu Sahabi ya rama, ya tsaya dafe da gwiwa yana neman numfashi, yana dariya. Rana ta yi sanyi, alƙalin wasa ya fara duba agogo. Sahabi ya waiwayo ya ce mini, "Kai, dogo! Ka tsare muna gidanga kaɗan, gobe ka hau mota!"

Sai na ji sallama a bayana.

Surukina ne. Wata uku ke nan da aurena da 'yarsa, shi kuwa tun bayan biki ya tafi fatauci tsallaken iyaka, ƙasar da Faransi ke mulki, ban sake ganinsa ba. Ga shi ya dawo da jakuna ɗauke da kanwa, hanyarsa ta biyo daidai bayan sandunana. Yaran yanzu ba za su gane ba. A wurinmu ba a amsa wa suruki a tsaye, ba a kuma ba shi baya. Wallahi ban yi shawara ba. Gwiwoyina ne suka yanke hukunci kafin kaina ya ji labari. Na juya, na cire hula, na durƙusa, idona a ƙasa.

"Baba, sannu da hanya."

"Yawwa, ɗana. Kuna lahiya? Ɗiyata tana lahiya?"

"Lahiya lau. Ya gajiya?"

Ina jin ihu a bayana ana kiran sunana. Na ji, ba zan yi ƙarya ba. Amma dattijo bai gama ba, ya shiga tambayar mahaifiyata. Ina cikin amsawa ƙwallo ya wuce ta gefen kunnena a hankali, kamar shi ma yana jin kunya, ya je ya bugi ƙafar jaki ya tsaya.

Surukina ya dube shi, ya ce, "Wanga abu naku na?"

Alƙali ya busa usur. 'Yan Gwadabawa har da masu kwanciya ƙasa don dariya. Wani daga cikinsu ya zo ya durƙusa kusa da ni ya ce, "Baba, mu ma mun gode." Namu ba su yi dariya ba. Sahabi ya tako a hankali, ya gaida surukina da ladabi, ya ɗauki ƙwallon, ya karkaɗe shi da riga. Bai dube ni ba, bai kuma zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Muka ce sai baɗi. Sahabi bai ga baɗi ba. Da damina ya kwanta. Ranar da na samu ƙarfin ba shi haƙuri, sai ya ce, "Ya dai amsa gaisuwar?"

Na ce ya amsa.

"To, ba duka munka rasa ba."

Kwana tara bayan nan muka kai shi makwancinsa. Ƙungiyar ta watse, aka shuka gero a filin.

Surukina kuwa har ya bar duniya yana ba da labarina a kasuwa, wai bai taɓa ganin yaro mai tarbiyya kamata ba. Duk lokacin da ya faɗa sai in sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauka ladabin ne ya ƙaru.

Abin da na koya, a makare, shi ne dattijo zai iya jira ka gama aikinka, in ya yi fushi ka je gida ka ba shi haƙuri. Ni dai na zaɓi wanda zan ba haƙuri ban duba wanda ya fi sauran kwana ba.