Tumbin da Bai Sha Magani Ba

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san Jatau Narka-Ƙarfe, shugaban 'yan taurin yankinmu. Ni kuwa na san shi tun kafin laƙabin, don tare muka yi wasan ƙasa, katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Tun yana saurayi ya sha maganin ƙarfe a wajen wani tsoho a ƙauyen kakanninsa, kuma tun daga ranar yake sanar da duk mai kunne cewa wuƙa ba ta cin sa, takobi ba ya kama shi, aska ma lallaɓa shi take yi. In an kafa kiɗa a dandali sai ya tuɓe riga ya yi ta dirza wuƙa a damtse da wuya, mata na guɗa. Ni dai ban taɓa sanin gaskiyar abin ba, ban kuma taɓa ɗaukar wuƙa in gwada ba, saboda ina son abokina, kuma na fi son ɗakina a kan gidan yari. Da girma ya zo sai ya bar wa na baya fili, ya koma kan kujera ana kawo masa gaisuwa da kafaɗar rago, har ya ajiye tumbin da yake riga shi shiga ɗaki.

To, ciwon suga bai san kirari ba. Ya daɗe da kama shi, an ba shi ƙwayoyi, yana sha ranar da ya tuna. Sai wani sabon takalmi ya ci shi a babban yatsan ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa, ya fara ruwa. Wata rana da la'asar muna zaune a majalisa ya sulale daga kan benci, muka kwashe shi sai asibiti. A sume aka ɗebi jininsa, aka yi masa ƙarin ruwa. Da ya farfaɗo ya ga filasta a bayan hannunsa, ya tambaye ni, na gaya masa gaskiya. Ya ce abin da aka yi ba a gabansa ba bai san da shi ba, kuma in na kuskura na faɗa wa wani, zumuncinmu ya ƙare. Ga shi kuwa ina faɗa muku, amma in kun ji abin da ya biyo baya za ku ga wannan ba komai ba ne.

Likita bai ɓoye masa komai ba. Ya ce ƙwayoyi sun daina riƙe sugan, sai allura safe da yamma kafin cin abinci. In ba haka ba yatsan nan zai tafi, kuma ba mamaki ƙafar ta bi shi.

Kafin a kawo allurar farko da safe, labari ya riga ya kai unguwa. 'Yan tauri suka cika ɗakin maza, ƙatti majiya ƙarfi, suka kewaye gadon. A gabansu akwai Cindo, mataimakin Jatau, wanda kowa ya san ya daɗe yana auna kujerar shugaban da ido. Ni ne mai jinya, amma da ƙyar na samu wurin tsayawa.

Nas ɗin da ke kula da ɗakin, Sista Balaraba, ta shigo da farantin kayan aikinta. Mace ce 'yar ƙarama marar hayaniya, irin waɗanda ba sa maimaita magana. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce ya ɗaga riga. Jatau ya dubi sirinjin, ya dubi mutanensa, ya yi wata dariya da ni kaɗai na san ta dole ce.

“'Yata, kada ki yi asarar kayan gwamnati. Ƙarfe ba ya shiga jikin nan.”

Nan take ɗakin ya ɗauki kirari, har wani tsoho mai karaya a gadon kusa ya farka a firgice. Sista ta yi masa bayani, ta tuna masa maganar likita. Ya ce ita wuƙar likitan ma ta zo ta gwada, sai dai na lura a nan muryar ta ɗan yi ƙasa. Ta ce ba a yi wa babba allura dole, ta ɗauki farantinta ta fita. Da yamma ta dawo, aka sake yin haka.

Washegari da azahar, da 'yan taurin suka fita salla, na dawo daga alwala na tarar da shi ya yaye mayafi yana kallon yatsan nan. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Jatau ba sai ranar, kuma wallahi ya ba ni tausayi, ko da yake haushinsa nake ji. Na ce masa wannan taurin kai ne, ba taurin jiki ba. Ya ce in bar shi da abin da ya dame shi: in allurar nan ta shige shi a gaban Cindo, da wane ido zai sake zama a kan kujera? Na ce to a kore su mana, ko a ja labule. Ya ce duk wanda aka ja wa labule an san abin da ake yi masa a ciki, kuma kafin magariba unguwa ta ji. Mutum ya yarda a yanke masa ƙafa don kada a ce allura ta huda shi, ku ji fa irin hankalin abokina.

Ashe Sista tana bayan ƙofa tana jera magunguna, duk ta ji. Ta yafito ni waje. Na ɗauka faɗa za ta yi mini, sai ta tambaye ni yadda jikin Baba, wato Jatau, yake lokacin da ya sha maganin nan nasa. Na ce ai kamar sillen kara yake, ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, wando ma sai da igiya yake zama. Ta ce na gode, ta wuce abinta.

Da yamma, ɗaki ya sake cika, ta shigo. Wannan karon ba ta ce ya ɗaga riga ba. Ta ja kujera ta zauna, ta ɗaga sirinjin yadda kowa zai gani, ga allurar 'yar guntuwa siririya, ba ta kai tsawon farce ba. Ta ce ita ba ta ja da maganin Baba ba, amma tana so a fahimci cewa allura iri-iri ce. Akwai ta jijiya, akwai wadda ake kaiwa cikin tsoka, irin wadda ke sa mutum ɗingishi. Wannan kuwa ba ruwanta da jijiya, ba ruwanta da tsoka. Fata ake kamowa da yatsu biyu a ɗago, a ajiye maganin a cikin kitsen da ke ƙarƙashinta, daga nan jiki ya riƙa ja a hankali. Sannan ta dube shi kamar mai neman ƙarin ilimi.

“Baba, lokacin da ka sha maganin, da wannan tumbin aka sha?”

Na ga idon Jatau ya tsaya cak, sannan ya fara haske. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ɗora hannu a kan tumbin kamar yau ya fara ganinsa.

“Yarinyar nan ta yi tambayar masu hankali,” in ji shi. “Cindo, ku saurara, don irin wannan ba a koya wa kowa. Magani jikin da ya tarar shi yake kamawa. Ni ranar da na sha, fata ce da ƙashi. Wannan daga baya ya zo, baƙo ne, bai sha komai ba.”

Daga nan sai ya ɓarke da karatu, kai ka ce tun a ƙauye tsohon ya ja masa kunne a kan haka. Wai da ma dalilin da ya sa ya hana allurar jiya, ya ɗauka a damtse za a yi, yana jin tausayin sirinjin. Wai duk ɗan taurin da ya yi ƙiba bayan shan magani, to ya san yana yawo da rabin jiki a buɗe. Na ga ƙattin nan ɗaya bayan ɗaya suna sunkuyar da kai suna duba cikinsu. Cindo, wanda nasa tumbin ya fi na kowa, ya ja babbar rigarsa ya rufe.

Sista ta wanke hannu, ta goge wurin can gefe da cibiya, ta kamo fatar. Jatau ya miƙo hannu ta ƙarƙashin mayafi ya damƙe nawa, har yau in sanyi ya sauko ina jin wurin. Fuskarsa kuwa tana sama, ido a rufe, yana yi wa kansa kirari da ƙarfi. Ta soka, ta tura maganin, ta ɗan dakata, ta zare. Yana tsakiyar kirarin har yanzu, sai da ta taɓa shi ta ce an gama, kada ya murza wurin. Ya buɗe ido ya ce ai ya sani, so yake ya kai ƙarshen baitin. Ta ce gobe za a matsa gaba kaɗan, don ba a maimaita wuri ɗaya kada ya yi ƙulli. Ta ƙara da cewa alhamdu lillahi fili ba zai yi musu kaɗan ba.

Haka aka ci gaba safe da yamma. Suga ya sauka, yatsa ya fara bushewa, likita ya daina maganar wuƙa. Jatau kuwa abin ya zame masa wasan dandali. In lokacin allura ya yi, har aikawa yake a kira waɗanda ke waje su zo su ga yadda ƙarfe ke shiga baƙo ya tsaya a bakin iyaka. Na yi murna da ƙafar, amma surutun ya ishe ni.

Da sallama ta matso, Sista ta ce dole wani a gida ya koyi yin allurar. Jatau ya ce shi hannunsa akwai magani, in ya riƙe sirinji lalacewa zai yi. Ni na ce idona ba ya ganin ƙananan layukan nan. Sai aka koma kan matarsa, Tasalla. Ita Tasalla tun aurensu ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Kullum takan kawo abinci, ta gaida mutane, ta zauna a tabarma can gefe tana saƙar hula, duk kirarin da ake yi ko kai ba ta ɗagawa. Sista ta koya mata a jikin lemo: yadda za ta ja maganin daidai layin da aka nuna mata, yadda za ta fitar da iska, yadda za ta kamo fata. Ta ce ta ajiye kwalbar a wuri mai sanyi kusa da randa, allurar da aka yi amfani da ita kuma a jefa a gwangwani mai murfi. Tasalla ta kama komai a zama ɗaya, har Sista ta yaba mata.

Ranar da za a sallame mu, aka ce ta yi ta farko a gaban Sista. 'Yan tauri sun zo rakiya, sun cika ɗakin har bakin ƙofa. Tasalla ta wanke hannu, ta ja maganin, ta tsaya a gaban gado tana jira. Shi kuwa gogan, ganin jama'a, sai ya ƙi ɗaga riga, ya fara wa'azi. Wai aikin nan ba tuƙin tuwo ba ne. Wai hannun mata bai san awo ba, ga ta da gaggawa. Wai ita ba ta san abin da take zaune da shi a gida ba duk shekarun nan. Tana tsaye da sirinji a hannu, abincinsa na hucewa a kwano, shi yana ta juyawa yana duban Cindo don ya tabbata ana ji. Daga ƙarshe ya nuna ta da yatsa.

“Ki bi a hankali, Tasalla. In kika zarce kitsen nan kika taɓa ainihin jikina, allurar narkewa za ta yi a hannunki, ba ruwana.”

Tasalla ba ta ɗaga murya ba, sai dai an yi rashin sa'a ɗakin ya yi shiru a daidai lokacin.

“Malam, tun ina amarya nake cire maka ƙaya a tafin ƙafa da allurar ɗinkina, kana ihu har maƙwabta na sallama, ko ɗaya ba ta taɓa lanƙwashewa ba. Ɗaga rigar.”