Ƙwallaye Ukun Da Na Ci Wa Surukina

Ko komai ya shuɗe mini, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na fari ba, a gidanmu na Yantala. Ranar ce ƙungiyar ƙasarmu take da wasa bayan la'asar, maza sun cika rumfa an jere a gaban tele, har da surukina Alhaji, ɗan kasuwar da bai taɓa ɗaukata mutum ba. Laifina ɗaya: ina da aure, ina aikin gwamnati, amma kullum ina buga ƙwallo a salula. (Ya taɓa tambayar matata ko lafiyata ƙalau.)

Ana shirin take wasa sai aka ɗauke wuta. Rumfa ta kaure da salati, ni kuwa zuciyata fes, yau Alhaji zai san amfanin salular nan. Na buɗe shafin kamfanin da ke yin wasan da nake bugawa, na ga an rubuta "kai tsaye", ga rigunanmu a fili, ga jama'a suna ta zuba sharhi. Na haye benci na zama gidan rediyo.

"Mun ci!" na kurma ihu. Rumfa ta tashi.

Ban gama zama ba muka ƙara. Da na sanar da ta uku, sai ga Alhaji ya tattare babbar riga yana taka rawa, ya rungume ni ya ce, "Ɗana, ashe abin nan naka na da rana!" Ɗana fa! Shekara uku ina jiran kalmar nan. Daɗi ya rufe mini ido, har ban yi mamakin yadda aka tafi hutun rabin lokaci cikin minti shida ba.

Sai wuta ta dawo. Tele ta kama, ga 'yan wasanmu na gaskiya suna haki, babu ci, ƙwallo ma a gidanmu take yawo. Ashe duk ranar babban wasa kamfanin kan sa na'ura ta buga irinsa a shafinsa, masoya su yi ta hasashe, har an rubuta hakan a saman allo. Ni da nake kwana da tashi da 'yan wasan zanen nan, ni ne ban gane su ba.

Alhaji ya zare hannunsa daga kafaɗata a hankali ya ce, "Wato 'yan tsana ka sa na yi wa rawa a gaban jama'a?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Aka yi ta dariya har wani ya ƙware da lemo, ga shi a ƙarshe an ci mu ɗaya.

Tun daga ranar na koyi karanta rubutun da ke saman allo kafin in hau benci. Alhaji kuwa bai sake ce mini ɗana ba, amma duk ranar da ake cin mu sai ya kira ni: "Kai, duba mana, can wajenku nawa da nawa?"