Miyar Kuka a Gilashi

Shekarar da maiɗakina ta tafi wankan jego gidansu a Shanono, gida ya yi mini faɗi. Na sayo akwatin gilashi mai fitila da kifayen ado daga Kano, don in samu masu kallona in na dawo daga gona. Mai sayarwa ya ce, "Alhaji, babu shuka a ciki, fitilar ta kallonka ce kawai. In ka gama kallo, ka kashe."

Na yi murmushin manya. Ni da na yi kiwon kajin gidan gona za a koya wa fitila? Ai kaza da haske take kwana tana ci har ta yi ƙiba. Kuma na lura kifi ba ya rufe ido, na ce ashe shi ma barci ya ƙaurace masa kamar ni. Na haɗa musu ƙwan sola ba dare ba rana, na ajiye su bakin taga don ƙarin alheri.

Ba a jima ba gansakuka ta cinye gilashin, ruwa ya koma kore shar. Ina yi musu sallama, ba na ganin kowa.

Rannan maƙwabciyata Inna Talatu ta kawo mini tuwo. Ta leƙa gilashin, sannan ta ce, "Ɗan nan, in miyar kuka kake marmari ai sai ka faɗa."

Yanzu jaririn har gudu yake yi, amma in na wuce majalisa sai wani ya ce, "Alhaji, an kaɗa, ko mu zo da daddawa?"