Gudun da Majo Ba Ta Sa Ni Ba

Ba zan taɓa mantawa da kuros ɗin Waca ba, ko da kuwa na so. (Kuros shi ne tseren nesa da ake shirya wa makarantu, a fita gari, a ratsa gonaki, a dawo.) Har yau in na tuna sai haushin kaina ya turnuƙe ni, don babu wanda ya aike ni.

Ni malamin lissafi ne a wani kwaleji a Magarya, shekarata arba'in da bakwai, ga tumbi kamar na ɓoye ƙwarya cikin riga. Ciwon kai ya matsa mini, na tafi asibiti. Majon wurin, wato babbar ma'aikaciyar jinya, Hajiya Zali, dattijuwa ce da ba ta tauna magana. Ta auna ni, ta harare ni, ta sake aunawa.

"Mushe, tansiyonka ya hau, hawan jini ke nan," in ji ta. (Mushe ake ce wa malamin makaranta a wajenmu.) "Ga magani, amma shi kaɗai bai isa ba. Ka riƙa ɗan gudu sau uku a sati bayan asuba. A hankali fa! In aka gaishe ka ka kasa amsawa, to saurin ya yi yawa, ka rage."

Na bi maganarta. Sai in hau kwaltar da ta nufi Damagaram, in yi ta ƙyaf-ƙyaf abina, masu zuwa gona suna tambayata ko lafiya. Cikin wata huɗu ciwon kai ya tafi, barci ya dawo, wando ya fara zamewa. Majo ta ce in awon wata mai zuwa ya yi kyau haka, za ta rage mini ƙwayoyin. Abin da nake nema ke nan a duniya, don na gaji da tsattsagar magani kowace safiya kamar kaza.

Sai abokan aiki suka laƙaba mini "Shampiyo", wato zakaran gasa. Da wasa suke faɗa, ni kuwa na ɗauka da gaske. Da aka ce za a yi kuros a Waca, har da rukunin malamai, ni na fara rubuta sunana. Mushe Sani, malamin wasanninmu, ya ja ni gefe.

"Yaya, gudun lafiya daban, gudun gasa daban. Mutanen nan sun yi watanni suna horon sauri. Kai zuciyarka kake wa gyara, ba ka shirya ƙafafunka don wannan ba."

Na ce a raina hassada ce kawai. (Hassadar me, don Allah? Mutumin da ke tsallake katangar makaranta da hannu ɗaya!) Majo ma da ta ji, cewa ta yi, "Ni dai ban sa ka ba." Na sayi jar riga, na shaida wa ɗalibaina su zo su ga aiki.

Ranar tseren, bayan an gama girbi, muka jeru a filin makarantar Waca. Kusa da ni wani siririn malami ne daga Yekuwa, sanye da takalmin roba irin na zuwa rijiya. Na dubi takalminsa, na dubi nawa sabo fil, har tausayinsa ya kama ni.

Ana busa usur na fita da gudu kamar an biyo ni. Ni ne a gaba har ƙarshen gari, mata suna rangaɗa guɗa, ni kuma har da ɗaga musu hannu. Muna fita bayan gari muka faɗa rairayi. Ni fa duk guduna a kan kwalta na yi shi, ban taɓa sanin ƙasa tana iya riƙe ƙafar mutum haka ba. In na taka sai in nutse har idon sawu. Ƙarangiya ta cika mini safa, ƙirjina ya ɗauki wuta. Ɗaya bayan ɗaya suka yi ta wuce ni. Da na Yekuwa ya iso, sai ya rage sauri don ladabi.

"Sannu Mushe. Ina gajiya? Yaya mutanen Magarya?"

Na buɗe baki, babu abin da ya fito sai huci. Mai hankali da nan zai tsaya. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na ƙara wuta don in kamo shi. Taki biyar na yi, gwiwata ta dama ta ce ƙas, na zube a gindin wata aduwa.

Ina nan zaune kowa ya wuce, sai ga wani dattijo da amalanke, wani sa yana jansa, ya yi lodin harawar wake. Ya tsaya ya ƙare mini kallo.

"Wa ya biyo ka, bawan Allah?"

"Ba kowa, Baba. Tsere muke."

"Tsere? Da furfurarka?"

Ya tallafe ni ya ɗora bisa harawar. Na roƙe shi ya bi da ni ta bayan gari zuwa tasha. Ya ce san nasa hanya ɗaya ya sani, kuma ta gaban makaranta ta bi. Abin da ban sani ba, hanyar yanke ce, ta fi ta masu tseren gajarta nesa ba kusa ba.

Filin makarantar kewaye yake da darnin kara. Mutanen da ke ciki ba su ga sa ba, ba su ga amalanke ba. Jar riga kawai suka hango tana tafe ta saman darni, ba kowa a gabanta. Wuri ya ɗauki ihu: "Shampiyo! Shampiyo!" Ɗalibaina suna tsalle, mai kalangu ya saki kiɗa. Ina ta yi musu hannu su bari, su kuwa suka ɗauka gaisuwa ce.

Sai san ya sako kai ta ƙofa.

Kalangun ne ya fara yin shiru. Daga nan dariya ta ɓarke, har da masu faɗuwa ƙasa. San ya taka a hankali ya tsaya daidai kan layin ƙarshe, ya ƙi motsi, sai da malamin Yekuwa ya kewaya mu kafin ya karɓi nasararsa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da gudu zan shiga, da gurguwar ƙafata.

Majo Zali ce aka ɗauko don kula da masu tsere, kuma ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta matsa gwiwar na yi ƙara, ta ɗaura mini abin awo.

"Wata biyu ba gudu," ta ce. "Maganar rage magani kuma ka manta da ita. Na ma ƙara maka rabin ƙwaya."

Wannan ya fi dariyar ciwo. Wahalar wata huɗu na zubar cikin rabin awa, don kawai a tafa mini.

Na dai warke, na koma ɗan guduna, kuma na gane cewa jikina ya yarda ya ɗauke ni in daɗe a duniya, amma bai taɓa yi mini alkawarin zuwa na ɗaya ba. Wanda ya wuce ni a hanya yanzu, Allah ya kiyaye hanya nake masa. Sakamakon tseren kuwa yana nan manne a ɗakin malamai da rubutun Mushe Sani: sa na ɗaya, ni na biyu, wai don hancinsa ya riga ni tsallake layi.