Akwatin Burodi Ya Cika Bayan Doguwar Jinya a Hannun Yaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da aka gaji da haɗiyewa, iyalan mai raba burodi a babur suke sanar da 'yan'uwa, maƙwabta, da masu kantunan da suka wuni suna leƙen hanya ranar Talata, rasuwar Akwatin Burodi. Ya cika da safe a gangaren bayan tashar mota, yana bakin aikinsa, cike da kaya har murfi. Ba a nema masa yafiyar kowa ba, domin ƙarfe ne, bai taɓa cin haƙƙin wani ba. Mai buƙatar yafiyar yana nan da ransa da lafiyarsa, jiya ma an gan shi yana sakace a ƙofar shagonsa.

An haifi marigayin a rumfar wani tsohon maƙeri, daga fallen ƙarfe mai kauri. Tsohon ya ɗora fallen a kan bututu ya lanƙwasa shi a hankali, har kusurwoyin gindin suka fito da kumatu kamar na kwanon sha. Sannan ya bi lanƙwasar da wuta, ya bar ta ta huce da kanta. Mai akwati, wanda a lokacin saurayi ne mai gaggawa, ya tambayi dalilin wannan jan rai. Tsohon ya ce duk ƙarfen da aka tanƙwara, bayansa miƙewa yake, cikinsa ya matse, yana son komawa yadda yake ba hali. Wannan ja-in-jar tana nan kwance a jikinsa ko ido bai gani ba, sai an lallashe shi da wuta yake saki. Tsohon ya daɗe da barin duniya, rumfar ma yanzu shagon aski ce.

Marigayin ya yi rayuwa mai albarka. Ruwan sama bai taɓa taɓa burodin da ke cikinsa ba. Ya faɗi tare da maigidansa a cikin taɓo, suka tashi tare, kowa ya kakkaɓe jikinsa. An zauna a kansa an ci abinci, an jingina da shi an jira facin taya. Da shi a bayan babur mai akwati ya yi zance, da guminsa aka yi aure, da guminsa ake sa wa yara takalmin makaranta. Ba shi da yawan magana. In an faɗa rami sai ya ce “kwam,” sau ɗaya, da kakkaurar murya irin ta dattijon da ya yi gyaran murya a bakin ƙofa. Masu kantuna da wannan kwam ɗin suke sanin burodi ya iso, tun kafin a danna hon.

Ciwon ajalinsa ya soma ne da abin farin ciki. Mai akwati ya sauya babur, sai aka tarar kariyar sabon, wato mazaunin kaya na baya, ta fi ta tsohon ƙanƙanta. Maganin bai wuce a gitta sandunan ƙarfe a kan kariyar a ɗaure akwatin a kai ba. Amma kafin a yi haka labari ya kai kunnen Yaya.

Ga waɗanda Allah ya tsare ba su san shi ba, Yaya yayan matar mai akwati ne, yana da shagon walda da bugun ƙarfe, kuma ya yi imani babu wata matsala a duniya da ta fi ƙarfin guduma. A danginsu akwai dokar da ba wanda ya rubuta: ƙarfen gida ba ya zuwa hannun bare. Ko mariƙin tukunya ne ya cire, shagon Yaya za a kai. Ba mai iya ɗaga masa murya, domin shi ya riƙe ƙannensa bayan rasuwar mahaifinsu, ya ci da su, ya aurar da su. Wannan alheri gaskiya ne, mai akwati ma bai taɓa musunsa ba. Abin da ya kasa ganewa shi ne yadda riƙon marayu yake mayar da mutum gwanin ƙira.

Yaya ya zagaya marigayin yana dariya. Ya ce wannan ai bahon wanka ne aka sa wa murfi, wanda ya ƙera shi ko kusurwa bai iya fitarwa ba. Ya tsage gefunan, ya shimfiɗa gindin a ƙasa, ya bi tsohuwar lanƙwasar da guduma har ta miƙe, ba tare da ya nuna mata ko ashana ba. Ya ja sabon layi. Don lanƙwasar ta fito sak, ya ɗauko ƙatuwar ƙusa ya bi layin yana sara, har ya yi wa ƙarfen kwari daga wannan baki zuwa wancan. Ya ɗora a gefen teburin ƙarfensa ya danne, kusurwa ta fito da kaifi kamar ta kwalin sabulu. A nan ya gano bai auna daidai ba. Bai ji ko ɗar ba. Ya miƙar da ita, ya matsa kamar faɗin yatsa, ya sake sara, ya sake lanƙwasawa. Ramukan noti kuwa da ƙusar nan ya huda su, dab da kusurwar, bakunansu duk a yage. Ya rufe ta'asar da jan fenti mai kauri.

Duk wanda ya wuce sai ya yaba. Mai akwati yana tsaye yana kallo tun daga gudumar farko, amma ya yi godiya har da rusunawa.

Daga ranar marigayin ya kwanta jinya a tsaye. Duk wanda ya taɓa buɗe gwangwani ya riƙa lanƙwasa marfin gaba da baya ya san ƙarshen abin. Kowane rami a titi yana buɗa kusurwar nan kaɗan ya mayar, kuma ramukan hanyar mai akwati ba masu ƙirguwa ba ne. Ƙarfen da ke ɗauke da fushin guduma a cikinsa, ga kwarin ƙusa yana nuna wa tsaga hanya, me ya rage? Da fari muryarsa ce ta sauya. Kwam ɗin nan ta tafi, aka koma jin “ƙis, ƙis,” siririya, ko a kan kwalta mai laushi. Sai wani zaren tsatsa ya ɓullo ta ƙarƙashin fentin, ya taso daga ramin noti ya bi kusurwa.

Doka doka ce, aka mayar da majinyacin wurin wanda ya sa masa ciwon. Mai akwati ya tattaro ladabinsa duka ya ce yana ganin kamar ƙarfen ya gaji a wurin lanƙwasar.

“Gajiya?” in ji Yaya. “Ƙarfe ne fa, ba jaki ba. Kai dai ka rage gudu.”

Ya ɗiga wa tsagar dunƙulen walda, ya watsa mata ruwa don ta yi saurin hucewa ya koma hirarsa. Walda in tana hucewa tsukewa take, ta jawo naman da ke kewaye da ita, amma wa zai gaya wa Yaya? Tsaga ta yi ɗan hutu ta sake fitowa a gefen waldar. Aka koma, ya ɗiga wata. Ta fito a gefen wannan ma. Kafin ƙarshe gindin marigayin ya zama kamar tsohon buhun da aka yi ta ɗinkewa, kuma kowace tafiya sai an yi godiya.

Ranar Talata, a tsakiyar gangare, marigayin ya yi maganarsa ta ƙarshe. Ya ce “ƙis, ƙis,” sannan ya ce “ƙyaat.” Mai akwati ya ji babur ya yi sakayau a ƙarƙashinsa. Ya duba madubi, ya ga gindin ya buɗe yana lilo, burodi yana gangarawa cikin titi, babbar mota tana biye. Abin da tayoyinta suka bari, kwata ta karɓa.

Mai gidan burodi bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce masu kantuna sun jira har rana ta take, wasunsu sun karɓi na wani gidan. Zai riƙe masa layinsa na rabon burodi zuwa Litinin. In burodinsa ya sake taɓa ƙasa, akwai samari a bakin ƙofa masu jiran layin, kuma ba ya son a zo masa da labarin dangi.

Marigayin ya bar murfinsa, wanda Yaya bai taɓa ba, saboda haka yana nan garau. Ya bar kwaɗo da makulli, da igiyar robar da ta yi ta ƙoƙarin riƙe shi a kwanakinsa na ƙarshe, da babur wanda kariyarsa take tsirara. Ya bar maigidansa, da matar maigidansa, da yara masu ci sau uku ko an fita aiki ko ba a fita ba.

Cikin masu ta'aziyya har da Yaya. Ya duba gawar ya yanke hukunci cewa ƙarfen tun asali mai algus ne, ga lodi, ga bakin mutane. Ya ce kada a damu, zai ƙera sabo kyauta. Kafin a ankara ya shigo da shi tsakar gida a kafaɗa, ya fi na da ja, ya fi shi kaifin kusurwa. Mai akwati ya zura babban yatsa ta ciki, ya ji kwarin ƙusa tun daga wannan baki har wancan. Ya san in ya ɗaura wannan a babur, layinsa ya tafi, lokaci kawai ake jira. In ya ƙi, ya watsa ƙasa a idon mutumin da ya raini matarsa, a gabanta. Tsoro ya kama shi, da takaici.

Matarsa ce ta taso daga bakin murhu. Duk tsawon jinyar nan ba ta taɓa yarda an aibata yayanta ba. Ta zagaya akwatin, ta buɗe murfin, ta rufe.

“Yaya, wannan ai ya fi ƙarfin titi,” ta ce. “Ba zan bari a kai shi cikin ƙura da ramuka ba. Ni nake so. A ɗakina zai zauna, in zuba kayan yara.”

Yaya ya kumbura don daɗi, ya ce da ma ƙanwarsa ce kaɗai ta san darajar aiki a gidan nan. Da kansa ya kai shi ɗaki ya jingina da bango, inda ake sa ran zai yi tsawon rai, tunda ba abin da zai girgiza shi. Bayan ya tafi, ta dawo ta ci gaba da fifita wuta, ba ta ko dubi mijinta ba.

“Gobe ka nemi wanda zai yi maka na aiki,” ta ce. “Na fi ka sanin hannun Yaya. A kan gadon da ya ƙera na soma girma, a ƙasa na ƙarasa.”

Ana sanar da masu kantuna cewa burodi zai iso ranar Litinin a cikin wani akwati marar fenti, mai kumatu.

Za a yi rakiyar marigayin ranar Asabar da hantsi, daga ƙofar gida zuwa filin mai sayen tsofaffin ƙarafa. A baro za a ɗauke shi, a tura a hankali, domin ya sha girgizar da ta ishe shi. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida, ba a karɓar shawara. Mai sikeli ya ce ba ya ɗora akwati da faɗinsa, sai an fara tumurmusa shi ya kwanta. An miƙa wannan hidima ga Yaya, ya karɓa da murna, ya ce zai zo da babbar gudumarsa. Tun da aka haɗa zuri'a, wannan ne karo na farko da mai akwati ya ba shi aiki hankalinsa kwance.